Harin cunkoso a intanet: yadda ake durƙusar da shafuka da kuma aikin furoksi

Da kaka ta yi, motocin masara da shinkafa da waken suya da auduga sukan cika hanyoyin Funtuwa da Ɗandume da Bakori da Malumfashi. Cinikin da a da ake ƙirga kuɗinsa a kan tabarma, yanzu mafi yawansa ta waya ake biya, ko ta hannun mai POS. Saboda haka idan manhajar banki ta ƙi buɗewa, mota ba ta tashi, 'yan dako ba sa samun sallama, dillali kuma yana tsaye tsakanin mai kaya da mai saye. Abin da kowa ke faɗa shi ne “babu netwok”. Amma wannan magana ta tattara matsaloli daban-daban, kuma ɗaya daga cikinsu da gangan ake haddasa ta. Ita ce harin cunkoso, wanda masana ke taƙaita sunansa da DoS, ko DDoS idan daga wurare da yawa aka kai shi.

Dalilai huɗu da ke hana shafi buɗewa

Na farko shi ne a yanke hanyar baki ɗaya. Mutanen kudancin Katsina sun ga wannan a watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, a matsayin matakin yaƙi da 'yan bindiga. Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗandume da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara duk suna cikinsu. An shafe watanni a haka, jama'a suna yin tafiya zuwa garuruwan da ke da sabis domin su yi waya ko su tura kuɗi.

Na biyu shi ne lalacewar kayan aiki. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ya shafi bankuna da kamfanonin sadarwa a Najeriya da maƙwabtanta.

Na uku shi ne yawan masu buƙata na gaskiya. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, miliyoyin mutane sun koma taransifa a lokaci guda, manhajojin bankuna suka riƙa gazawa. Haka abin yake idan aka buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, dubban masu nema suka yi masa caa a ranar ƙarshe.

Na huɗu shi ne cunkoson da aka ƙirƙira. Ga mai riƙe da waya, alamarsa ɗaya ce da ta sauran ukun: shafi yana ta juyi, ya ƙi buɗewa. Bambancin yana wajen masu kula da shafin, waɗanda ke ganin buƙatu suna kwararowa fiye da ƙima daga na'urorin da ba su zo neman komai ba.

Mene ne saba, kuma ta ina take gajiya?

Kowane shafin intanet yana zaune ne a kan wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira saba, wasu marubutan Hausa kuma suna ce mata uwar garke. Idan mutum ya buɗe manhajar banki ko shafin JAMB, wayarsa tana aika buƙata zuwa ga sabar, ita kuma ta mayar da amsa. Kowace na'ura da ke kan intanet tana magana ne da wani adireshi na lambobi da ake kira adireshin IP, wanda da shi amsa ke gane hanyar komawa.

Komai girman saba, tana da iyaka ta fuska uku. Akwai faɗin hanyar da bayanai ke bi su iso gare ta, wanda ake aunawa da megabit ko gigabit a daƙiƙa. Akwai adadin baƙin da za ta iya riƙewa a lokaci guda. Akwai kuma ƙarfin aikinta, wato yawan lissafi da binciken da za ta iya yi a cikin rumbun bayanai. Mai kai harin cunkoso yana neman ya cinye ɗaya daga cikin ukun nan, har mai buƙata ta gaskiya ya rasa gurbi.

Wannan hari ya sha bamban da kutse. Mai kutse yana neman shiga ciki ya saci bayanai ko kuɗi. Mai harin cunkoso yana tare ƙofa ne daga waje. Kuɗin da ke cikin asusu ba sa raguwa saboda shi, sai dai mai su ba zai iya kai hannu gare su ba a lokacin da yake buƙata. Duk da haka, akan yi amfani da harin domin a ɗauke hankalin ma'aikatan tsaro yayin da ake ƙoƙarin kutse ta wata kafa, shi ya sa bankuna ba sa ɗaukar sa da wasa.

Ire-iren harin

Nau'i na farko shi ne ambaliya, inda ake tura tarin bayanai marasa amfani har hanya ta cika. Domin ƙara wa ambaliyar ƙarfi, maharan suna amfani da dabarar ninki. Sukan aika ƙaramar tambaya zuwa ga dubban sabobin da aka bari a buɗe, amma su sa adireshin wanda suke hari a matsayin na mai tambaya. Amsoshin, waɗanda suka ninka tambayar girma sau da yawa, sai su tafi ga wanda bai tambayi komai ba. Da wannan dabara aka auka wa shafin GitHub a ranar 28 ga Fabrairu, 2018, da ambaliyar da ta kai terabit 1.35 a daƙiƙa. Terabit ɗaya gigabit 1,000 ne.

Nau'i na biyu yana cin gajiyar ƙa'idar gaisuwa tsakanin kwamfutoci. Kafin a fara musayar bayanai, baƙo yana yin sallama, saba ta amsa ta keɓe masa wuri, sa'an nan shi ya tabbatar da cewa ya ji. Maharin sai ya yi ta sallama sau dubbai ba tare da ya cika mataki na uku ba. Saba tana jiran baƙin da ba za su shigo ba, wuraren da ta keɓe kuma sun ƙare. Wani kamfanin intanet na birnin New York mai suna Panix ya gamu da irin wannan a 1996, kuma yana cikin hare-haren farko da aka sani.

Nau'i na uku ya fi wuyar ganewa, domin buƙatun da ake aikawa kamarsu ɗaya da na mutanen kirki. Maharin yana zaɓar aikin da ya fi wahalar da saba, kamar binciken suna a cikin rumbun bayanai ko shafin shigar da kalmar sirri, ya sa a yi ta maimaita shi. A watan Oktoban 2023, kamfanin Google ya bayyana cewa ya tare wani hari irin wannan da ya kai buƙatu miliyan 398 a daƙiƙa ɗaya.

Daga ina maharan ke samun ƙarfi?

Kwamfuta ɗaya ba ta isa ta durƙusar da babbar saba ba, kuma toshe adireshinta abu ne mai sauƙi. Saboda haka maharan suna tara rundunar na'urorin jama'a da suka kame ba da sanin masu su ba, abin da ake kira botnet. A cikin rundunar akwai kwamfutocin ofis, da na'urorin rarraba intanet na gidaje da shaguna, da kyamarorin tsaro, da akwatunan talabijin masu shiga intanet. Na'urar tana ci gaba da aikinta na yau da kullum, amma duk lokacin da umarni ya zo sai ta shiga hari, tana ƙona datar mai ita.

Abin ya daɗe. A watan Fabrairun 2000, wani yaro ɗan shekara 15 a ƙasar Kanada ya durƙusar da shafukan Yahoo da CNN da eBay da Amazon. A watan Afrilun 2007, bayan taƙaddama kan ɗauke wani mutum-mutumin sojan Tarayyar Sobiyat daga tsakiyar birnin Tallinn, an shafe makonni ana kai hari kan bankuna da ma'aikatu da jaridun ƙasar Estoniya. A 2016 kuma wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta ɓulla. Dabararta ba ta wuce gwada kalmomin sirri kimanin 60 da kamfanoni ke sakawa a na'urori tun daga masana'anta ba, waɗanda yawancin masu saye ba sa canzawa. Da haka ta kame dubban ɗaruruwan na'urori, kuma a ranar 21 ga Oktoba, 2016, aka yi amfani da ita kan kamfanin Dyn, har Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ƙi buɗewa a sassan Amurka.

Misalin da ya fi kusa da 'yan kasuwarmu ya faru ne a Laberiya. Wani babban jami'in kamfanin sadarwa na Cellcom ya ɗauki hayar wani ɗan Birtaniya mai suna Daniel Kaye domin ya riƙa kai hari kan abokin hamayyarsu, Lonestar. A ƙarshen 2016 harin ya yi ƙarfin da ya shafi intanet ɗin ƙasar. A watan Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara biyu da wata takwas. Wannan shari'a ta nuna cewa kishin kasuwa kaɗai ya isa dalili. Sauran dalilan sun haɗa da neman kuɗin fansa, da siyasa, da ɗaukar fansa, da neman suna.

Abin da ya faru a Najeriya

Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, Ministan Sadarwa na lokacin, Farfesa Isa Ali Ibrahim Pantami, ya sanar da cewa an samu yunƙurin hare-haren intanet kimanin miliyan 12.9 a kwanakin zaɓen, kusan miliyan 7 daga ciki a ranar zaɓen kanta, kuma harin cunkoso yana cikin ire-iren da ya lissafa. Sai dai a lura cewa tangarɗar da ta hana ɗora sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a shafin IReV a kan lokaci, hukumar INEC ta danganta ta ne da kuskuren tsarin manhaja, ba ta ce hari ba ne.

A ƙarshen watan Yulin 2023, wata ƙungiya da ke kiran kanta Anonymous Sudan ta kai hari kan shafin eCitizen na gwamnatin Kenya, wanda 'yan ƙasar ke bi su nemi fasfo da lasisin tuƙi da rajistar kasuwanci. Gwamnatin Kenya ta tabbatar da harin, ta ce ba a saci bayanai ba. Kwanaki kaɗan bayan haka, a farkon Agusta, lokacin da ECOWAS ke barazanar amfani da ƙarfin soja kan waɗanda suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ta yi iƙirarin kai hari kan MTN a Najeriya, hukumar NITDA kuma ta fitar da gargaɗi ga ma'aikatu da bankuna da kamfanonin sadarwa.

A watan Oktoban 2024, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta bayyana tuhumar da take yi wa wasu 'yan'uwa biyu 'yan ƙasar Sudan da cewa su ke tafiyar da ƙungiyar. A cewar masu gabatar da ƙara, an yi amfani da kayan aikinsu wajen kai hare-hare sama da 35,000 a cikin kimanin shekara guda, har da wanda ya tilasta wa sashen gaggawa na asibitin Cedars-Sinai da ke Los Angeles mayar da marasa lafiya zuwa wasu asibitoci na sa'o'i. Wani abin lura a cikin bayanan shi ne cewa ƙungiyar ba ta dogara da kamammun na'urorin gidaje ba. Sabobin haya ta yi amfani da su, tana bi da buƙatunta ta cikin furoksin da aka bari a buɗe.

Mene ne furoksi?

Furoksi kwamfuta ce da ke shiga tsakanin mai nema da saba. Maimakon su yi magana kai tsaye, kowa yana magana da ita, ita kuma tana isar da saƙo. Duk wanda ya san aikin dillali a kasuwar hatsi ya san wannan tsari: mai saye ba lallai ya ga mai gona ba, mai gona ma ba lallai ya san inda masararsa ta nufa ba. Tambayar da ke rarrabe furoksi ita ce, wa take wakilta?

Akwai furoksin mai nema. Tana karɓar buƙatar mutum ta kai a madadinsa, saba kuma adireshin furoksin take gani. Ofisoshi da makarantu suna amfani da ita domin tace shafukan da ma'aikata ke shiga da kuma rage cin data, kuma manhajar Squid na cikin waɗanda aka daɗe ana wannan aiki da su. VPN ma dangin wannan ce, sai dai tana lulluɓe duk bayanan da ke fita daga na'ura. 'Yan Najeriya da yawa sun san ta ne lokacin da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni, 2021, zuwa 13 ga Janairu, 2022.

Akwai kuma furoksin mai gida. Wannan tana tsayawa ne a gaban saba, kamar zaure a gaban gida. Duk baƙo a nan yake tsayawa, a duba shi, a biya masa buƙata idan ƙarama ce, a shiga da saƙonsa ciki idan babba ce. Baƙon bai san inda ainihin sabar take ba. Manhajoji irin su Nginx da HAProxy suna wannan aiki, kamfanoni irin su Cloudflare da Akamai kuma sun mayar da shi sana'a.

Furoksi a hannun mahari

Mahari yana son furoksin mai nema saboda dalilai biyu: tana ɓoye adireshinsa, kuma tana sa na'ura ɗaya ta bayyana kamar dubbai. Idan yana sauya furoksi a kowace buƙata, ƙa'idar da ke cewa kada adireshi ɗaya ya wuce buƙatu kaza a minti ba za ta kama shi ba. Lokacin da Microsoft ya tabbatar da cewa harin cunkoso ne ya kawo tangarɗa ga Outlook a watan Yunin 2023, ya ambaci buɗaɗɗun furoksi a cikin kayan aikin maharan.

Mafi tsada a kasuwar maharan ita ce furoksin da ke zaune a cikin na'urar mutumin gida, domin adireshinta na talaka ne, ba a zarginsa. Akan same ta ne ta hanyar manhajojin kyauta. A watan Mayun 2024, hukumomin Amurka sun wargaza wata hanyar sadarwa mai suna 911 S5, wadda suka ce ta kame adireshi sama da miliyan 19 a ƙasashe kusan 200, ta hanyar manhajojin VPN na kyauta da mutane suka sauke da hannunsu. A watan Yunin 2025 kuma hukumar FBI ta yi gargaɗi kan wasu akwatunan talabijin da na'urori masu arha da ke zuwa da muguwar manhaja tun daga masana'anta. Mai shago a Funtuwa da ya sauke VPN ɗin da bai san asalinta ba yana iya zama hanyar da ake bi a kai hari wata ƙasa, shi kuwa abin da zai gani shi ne datarsa tana ƙarewa da wuri, waya tana zafi.

Wannan ne ma ya sa toshe adireshi ke da haɗari a ƙasa irin tamu. Kamfanonin waya suna haɗa masu layi da yawa a kan adireshi guda, saboda adireshin tsohon tsari sun yi ƙaranci a duniya. Idan waya ɗaya mai cuta ta jawo aka toshe adireshin, duk waɗanda ke tarayya da ita sun shiga ciki. Shi ya sa mutum yakan tarar shafi yana tambayarsa ya tabbatar da cewa shi ɗan'adam ne, alhali bai yi laifin komai ba.

Furoksi a matsayin garkuwa

Furoksin mai gida tana kare saba ta hanyoyi da dama. Tana ɓoye adireshin sabar, mahari ya rasa inda zai nufa kai tsaye. Tana ajiye kwafin abubuwan da ba sa canzawa, kamar hotuna da sanarwa da fom, ta riƙa bayarwa da kanta ba tare da ta dami saba ba. Ita ke amsa sallama, saboda haka masu sallamar ƙarya a wajenta suke ƙarewa. Tana ƙayyade yawan buƙatun da kowane baƙo zai aika, tana gwada wanda take zargi, tana kuma raba aiki tsakanin sabobi da yawa idan akwai su.

Manyan kamfanonin wannan sana'a suna da cibiyoyi a ɗaruruwan birane, ciki har da Legas, kuma dukkansu suna amsa adireshi ɗaya. Buƙatar da ta taso daga Asiya tana sauka a cibiyar Asiya, ta Turai a Turai. Da haka ambaliyar da aka tara daga ko'ina take rarrabuwa tun kafin ta haɗu. Lokacin harin GitHub, karkatar da zirga-zirgar aka yi zuwa cibiyoyin tacewa na Akamai, shafin kuma ya dawo cikin mintuna. A 2025 Cloudflare ya ba da rahoton tare harin da ya kai terabit 7.3 a daƙiƙa, ƙarfin da babu wata saba guda da za ta iya ɗauka.

Garkuwar tana da nata rauni. Idan adireshin ainihin sabar ya fita, ta hanyar tsohon rikodi ko saƙon imel da sabar ke aikawa, mahari zai kewaye zauren ya bugi gida. Maganin wannan shi ne a saita saba kada ta amsa wa kowa sai furoksinta. Na biyu, furoksin tana kwance lulluɓin bayanai domin ta duba su, wato tana iya ganin abin da ke wucewa. Ga ma'aikatar da ke riƙe da lambobin NIN ko BVN ko bayanan albashi, wannan amana ce da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora mata alhakinta. Na uku, dogaro da kamfani ɗaya yana nufin faɗuwarsa faɗuwar kowa ce. A ranar 18 ga Nuwamba, 2025, wani kuskure na cikin gida a Cloudflare ya hana manyan shafuka da dama buɗewa na sa'o'i, ba tare da wani ya kai hari ba.

Nisa ma yana da tasiri. Duk bayanan da sai sun fita waje sun dawo suna cikin haɗarin yankewar wayar teku. Cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, wadda ke da rassa a Legas da Abuja da Kano da wasu birane, an kafa ta ne domin zirga-zirgar cikin gida ta tsaya a cikin gida. Kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone, mai ɗaukar nauyin shafukan ma'aikatun tarayya, shi ma yana da cibiyar adana bayanai a Kano.

Me doka ta ce?

Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta kawo cikas ga aikin kwamfuta da gangan ba tare da izini ba. Sashe na 8 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun. Hukuncin ya fi haka tsanani idan abin da aka taɓa yana cikin muhimman kayayyakin sadarwa na ƙasa. Dokar ta kuma wajabta wa masu tafiyar da tsarin kwamfuta su kai rahoton hari ga ngCERT, cibiyar da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma gyaran 2024 ya rage wa'adin daga kwana bakwai zuwa sa'o'i 72. Akwai shafukan da ke sayar da hari da sunan gwajin ƙarfin saba. Matashin da ya biya su domin ya durƙusar da shafin makaranta ko na abokin hamayya ya aikata laifi, ko da bai san komai game da fasahar ba.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci su yi

Idan taransifa ta tsaya a hanya, kada a sake turawa sai an duba ragowar kuɗi da tarihin asusu, domin saƙon farko yana iya wucewa bayan cunkoso ya lafa, a wayi gari an biya sau biyu. Mai sayarwa kuma kada ya saki kaya bisa hoton rasit ko alat na tes, sai ya ga kuɗin a cikin asusunsa. Yana da kyau mai babban ciniki ya riƙe asusu a wurare biyu da layukan waya na kamfanoni biyu, ya kuma haddace lambar USSD ta bankinsa, wadda ba ta buƙatar data. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020 ta ce a warware matsalar cinikin POS ko na intanet da ya gaza cikin sa'o'i 72, saboda haka a adana rasit, a kai ƙorafi a rubuce. Lokacin tangarɗa ne kuma 'yan damfara suka fi bugo waya da sunan ma'aikatan banki. Babu bankin da ke neman lambar sirri ko lambar tabbatarwa ta waya.

Domin kada na'urar mutum ta shiga rundunar mahara, a canza kalmar sirrin da ta zo da na'urar rarraba intanet da kyamarar tsaro tun ranar da aka saka su. A riƙa sabunta manhajoji, a guji saukar da su daga hanyoyin da ake turowa a WhatsApp, a kuma cire duk VPN ɗin da ba a san kamfaninta ba.

Jami'in da ke kula da shafin ma'aikata ko makaranta ko ƙaramar hukuma yana buƙatar ya san yawan baƙin da shafinsa ke samu a ranar da babu komai, domin da wannan ma'auni zai gane ranar da abu ya sauya. Ya sa furoksi a gaban sabarsa tun kafin a buɗe rajista ko ɗaukar aiki, ya tabbatar tana isar da adireshin baƙo na asali cikin rikodi, in ba haka ba kowa zai bayyana da adireshin furoksin, bincike ya gagara. Ya ajiye lambar wanda zai kira a kamfanin da ke ɗaukar nauyin shafin, ya tanadi wata hanyar sanar da jama'a idan shafin ya faɗi. Idan kuwa tangarɗa ta cinye wa masu nema kwanakin rajista, adalci shi ne a ƙara wa'adi, domin ɗalibin da ya biya kuɗin mota daga ƙauyen Ƙafur zuwa shagon intanet a Malumfashi ba shi ya jawo ta ba.